Inda Ruwan Gidan Akawu Ya Bi

Ba ku da kunya, dukanku. Kun ɗauko mutum uku daga Zurgu, kun ce su kafce tsakar gida, su baje ƙasa, su fitar da hanyar ruwa, ku kuma kun kwashi ƙafa kun tafi bakin titi kuna gadin babura. Kai Sani, da kai nake, cire abin nan daga kunnenka. Wa ya ɗebi ruwa ko bokiti ɗaya a cikinku ya zuba a ƙofar ɗaki ya ga inda zai nufa? Babu. Wai ma'aikatan sun san aikinsu. Sun sani mana. Kakanku ma ya san aikinsa, duk Fammar ba wanda ya kai shi riƙon diga. Ku zauna. Ba can ba, nan gabana, inda zan riƙa ganin idanunku.

Jar akuyata ce ta kai mu Jos. Ita kaɗai na mallaka, da ita na zo gidan miji. Kakanku ya ja ta zuwa kasuwar Rano tana kuka ina bin su a baya. Da aka sayar ni na karɓi kuɗin, na zuba a lalita na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, don shi in kuɗi ya kwana a aljihunsa goro yake zama. Lokacin ana ta maganar Turawa za su tattara su tafi. Mu ba wannan ce ta dame mu ba. Gero bai yi ba a shekarar, ga haraji. Kakanku ya taɓa cin rani sau biyu a birnin Kano yana kwaɓa wa magina ƙasa, sai wani ya hure masa kunne wai a Jos kuɗin kuza ya sa kowa gini yake yi. Ni kuma na iya daɓe, hannun innata na ɗauko. Ya ce mu tafi tare. 'Yar farina, gwaggonku ta Kibiya, ban fi wata ɗaya da yaye ta ba. Na kai ta ɗakin kakarta na fito ban waiwaya ba, don in na waiwaya ba inda za ni.

A kan buhunan barkono muka zauna a bayan mota. Kwana biyu ina atishawa. Sanyin da ya tarbe mu kuwa har cikin haƙori nake jin sa. Wani ɗan dako ya nuna mana gidan wata tsohuwa mai ƙosai, Iya Lami, da ke ba 'yan ci-rani hayar ɗaki. Gajeriya ce, ga baki kamar reza. Ta dube mu sama da ƙasa.

"Daga ina?"

"Daga Fammar, Iya, ƙasar Rano."

"Ban san ta ba. Wannan matarka ce ko a tasha ka tsinto ta?"

"Haba Iya! Matata ce."

"To ku ji. Ba a kawo min baƙi. Ba a taɓa min itace. Kun ga ɗakin can na ƙarshe? Nan nake kwana. Mijina ya gina shi da hannunsa kafin ramin kuza ya rufta da shi. Duk wanda ya zubar min da ruwa a gindin bangon nan, ranar zai kwashe tsummansa."

Ba a yi kwana uku ba ta kama kakanku yana alwala a wurin.

"Kai ɗan ci-rani! Me na ce?"

"Iya, alwala ce fa."

"Bango ya san alwala? Tashi!"

Ya tashi da buta a hannu, ƙafa ɗaya a wanke, matan gida na ta dariya. Bai manta ba. Mutum ne mai riƙo, Allah ya gafarta masa.

Amma fa ita ce ta samo mana aikin kirki, bayan mun yi wata biyu muna tsince-tsince. Unguwar a gangare take. Ta saman gidan Iya wani akawu ya gina sabon gida mai rufin kwano. Tsakanin katangarsa da bayan ɗakin Iya akwai ɗan lungu da ko jaki ba zai juya a ciki ba. Titi da lambatun gwamnati suna ɗaya gefen, ta gabas. Ku riƙe wannan: lambatu a gabas, ɗakin Iya a yamma.

Sunan akawun Garba, amma in ka ce Malam Garba ba zai amsa ba, sai ka ce Mista. Babban mutum da shi, gajeren wando, doguwar safa har gwiwa. Bahaushe ne kamar ni da ku, amma ba zai yi magana uku ba sai ya jefo wadda ba a gane ba.

"Ina son ko'ina ya zama lebul."

"Ya zama me, ranka ya daɗe?"

"Lebul! Ba tudu ba kwari. Wannan gefen a kafce a zuba taki, fulawa zan shuka. Sannan direneji daga nan har gwata."

Na ce, "Wace miya ake yi da fulawar?"

Ya ce kallonta ake yi. Kun ji fa. A kafce ƙasa, a zuba mata taki mai kyau, a shuka abin kallo. Direnejin da ya cika baki da shi kuwa ashe hanyar ruwa ce, gwata kuma lambatu.

Kwangila aka yi, in an gama a biya. Ya ba mu ɗan abin da za mu ci, ya tafi ofis. Daga ranar sai Asabar-Asabar muke ganinsa. Ya leƙo, ya ce "gud, gud," ya hau kekensa. Irinku ne sak.

Kakanku na sara da diga, ina kwasa da kwanon sarki. Inda tudu a rage, inda kwari a cike. Marmara a ka nake ɗauko ta daga bayan unguwa. Na jiƙa makuba a tukwane, wato ɓawon ɗorawa, wanda in an yayyafa ruwansa a kan daɓe yake yin ja ya yi ƙarfi. Jiki na aiki, hankali na Fammar. Ko ƙahon mota na ji sai na ɗaga kai na dubi hanya. In yarinya ta yi kuka a maƙwabta sai na tsinci madaɓi a ƙasa, ban san na sake shi ba. Ba na iya zama in ci abinci, a tsaye nake ci. Shirinmu shi ne mu koma gida a yi sharar gona, a kai taki, ruwan fari ya same mu da sungumi a hannu. Kun san in shuka ta wuce mutum, ba shi da hatsi sai wata shekara.

An gama kaftu, an gama baje ƙasa, saura hanyar ruwa. Kakanku ya ja ta daga tsakar gida ya nufi gabas. Bai yi taku goma ba diga ta ce ƙwal, ta yi tsalle, wuta ta tashi. Ya matsa gefe, ƙwal. Ya ƙara matsawa, ƙwal. Ashe wani baƙin dutse ne kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar bayan giwa, ya tare gabas gaba ɗaya. Mu ma muna da duwatsu a Rano, amma namu a tsaye suke, kowa na ganinsu.

Ran Asabar ya nuna wa akawu.

"Ranka ya daɗe, dutse ne. Aikin wata guda ne ko fiye. A ƙara mana wani abu mu ɗauki mutum biyu."

"Kwantiragi kwantiragi ne. Ni na sa dutsen?"

"Ni ma ba ni na sa shi ba."

"To ka cire shi. In ruwa bai fita ba, ko anini ba za ka gani ba."

Ya hau keke.

Kwana biyu kakanku yana zaga dutsen nan, ya tsuguna, ya tashi, ya tofar da goro. A makon ne 'yan garinmu da ke aikin kuza suka fara ɗaure kaya. Kowa ya zo sallama sai ya ce, "Ku kuma sai yaushe?" Ni har na daina fitowa gaishe su.

Rana ta uku ya tashi da ƙarfinsa. Ya shimfiɗa hanya a kan dutsen har bakin lambatu, marar zurfi, ya jera mata ƙananan duwatsu gefe da gefe, gwanin kyau. Sannan ya riƙa kwasar ƙasa daga yamma yana zubawa gabas. Ya shiga bayan banɗaki ya daɗe yana ƙwanƙwasa katanga. Ya ce min, "Daɓe." Na daɓe. Amma mai daɓe da ƙafa take gani. Ina takawa ina jin tsakar gidan nan tana jan diddigena yamma.

A wajenmu mai daɓe ba ta cewa ta gama sai ta zuba tulu guda a ƙofar ɗaki, ta bi ruwan da ido har ya fita daga gidan. In ya taɓa ginin maƙwabci, a kira maƙwabcin ya gani, a gyara. Haka innata ta koya min, da rankwashi. Ran Talata da sassafe, kafin kakanku ya dawo daga masallaci, na ari tulun Iya na cika, na hau gidan akawu na juye.

Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai shawara. Sai ya juya wa lambatu baya, ya miƙe yamma, ya shige bayan banɗaki. Na bi shi. Ga wata ƙaramar rariya sabuwa a gindin katanga, an jingina mata tsohon kwano. Na zagaya lungu. Ga ruwana ya kwanta a gindin bangon ɗakin Iya Lami.

Ina juyowa na ga kakanku tsaye.

"Wa ya sa ki?"

"Malam, ruwan nan ɗakin Iya yake zuwa."

"Lungu zai ɗauke shi."

"Lungun ba shi da mafita, kai ma ka sani."

"Dije, kina son ganin 'yarki, ko kina son zama a kan dutse har kaka? Kafin ruwa ya sauka muna gida. Akawu na da kuɗi, in ya gani ya gyara abinsa."

"Iya ta ce ruwa ya kusa. Kai ma ka ga hadari jiya."

"Hadarin banza. Kin ga shamuwa? Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ruwa ya riga shamuwa zuwa ba. Saura wata guda da rabi."

Da kwanakin Rano yake lissafi. A gida haka ne, sai shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a kan bishiya sannan manomi ya fara duban gabas. Bai san a kan tudun Jos damina takan riga tamu da nisa ba. An gaya masa ma, bai ji ba, don daga bakin Iya ta fito.

Ni fa? Ba zan ɓoye muku ba. Na ɗebo busasshiyar ƙasa na rufe jiƙon da ke lungun. Na mayar wa Iya tulunta. Ta miƙo min ƙosai mai zafi a ganye, ta ce, "Ungo, 'yar Rano, kin rame." Na karɓa na ci.

Asabar akawu ya zo da lebul ɗinsa, wani ɗan katako mai ƙwayar ruwa a tsakiya da ya aro wajen magina. Ya ɗora nan, ya ɗora can, duk inda kakanku ya nuna masa. Ya dubi hanyar da ke kan dutse, ya ce "gud, gud." Ko cokalin ruwa bai zuba ba. Ya ce ran Juma'a zai sallame mu. Akwai motar Kano ran Asabar. Tun Lahadi na ɗaure kaya, kullum in kwance in sake ɗaurewa.

Ran Laraba bayan azahar gari ya yi baƙi ƙirin. Ƙanƙara ta fara zubowa kamar gurjiya, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da rufin akawu ya tara a kan daɓena ya sauka. Da aikin banza na yi, da ƙasa ta sha wani. Amma daɓen nan ya yi ƙarfi kamar tasa, ko ɗigo bai sha ba, duk ya miƙa wa rariyar. Kakanku na tsaye a ƙofar ɗakinmu, ya kasa zama, ya kasa fita.

Iya ta fito da gudu tana ihu a taya ta kwashe itacenta. Na fita. Muna cikin kwasa sai muka ji rugum. Bangon baya ya zauna, rufin ya bi shi, a kan gadon da ta tashi daga kai ba a jima ba. Buhun wakenta, tukwanenta, akwatin mijinta, duk suna ƙarƙashi. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye itacen, ta ɗage zane, ta shiga lungu ruwa har cinya, ta bi shi da hannu har ta kai ga rariyar.

Washegari aka taru a zauren mai unguwa. Akawu ya fara.

"Ni na auna da lebul, komai daidai."

Mai unguwa ya ce, "Lebul ɗin ya ce maka ruwa ina zai bi?"

Akawu ya gyara safarsa.

Aka juyo kan kakanku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan Allah ne. Kowa ya ga irinsa. Hanya na nan na yi ta har lambatu, ƙarfinta aka fi. Rariyar nan ta ruwan wanka ce kawai." Dattawa suka fara gyaɗa kai, don gaskiya an yi ruwa, ba ɗakin Iya kaɗai ya ji jiki a unguwar ba. Na ga magana za ta mutu a nan. Na ga Juma'a, na ga motar Asabar.

Sai Iya ta ce, "A tambayi matarsa. Wancan makon ta ari tuluna da sassafe. Ba ta yi wanki ba, ba ta yi girki ba, ta dawo min da shi ba ruwa."

Ina can bakin ƙofa cikin mata. Mai unguwa ya ce, "Yarinya, matso." Na matso na durƙusa. Kakanku bai juyo ba, ƙeyarsa kawai nake gani.

"Kin zuba ruwa a gidan?"

"Na zuba."

"Ina ya bi?"

Iya na kallona, har lokacin akwai laka a ƙafarta.

"Ɗakin Iya ya bi."

"Kin gaya wa mijinki?"

"Na gaya masa."

"Ita kin gaya mata?"

"Ban gaya mata ba, ranka ya daɗe."

Ke Hauwa, rufe bakinki, ƙuda zai shiga. E, a gaban mutane na faɗa. An tambaye ni.

Hukuncin bai ɗau lokaci ba. Akawu zai sayi itacen rufi, tunda ya ɗauki ma'aikata ya kasa tsayawa a kansu. Kuɗin kwangilar a miƙa wa Iya a madadin kayanta. Kakanku zai toshe rariyar a ranar, ya fasa dutsen, ya fitar da ruwa gabas, ba zai bar garin ba sai an gani. Ɗaki kuwa ba a ginin ƙasa da damina, tubali ba zai bushe ba, don haka zai dawo da rani ya gina. Iya ta koma ɗakinmu, mu muka koma rumfar girki.

Ran Asabar ina jin motar Kano tana ƙaho a tasha. Na zauna a kan kayana har ta daina.

Kun san yadda ake fasa dutse da hannu? A tara masa itace a hura wuta har ya yi zafi, a sheƙa masa ruwan sanyi ya tsage, a bi tsagar da guduma. To ku yi wannan da damina, da jiƙaƙƙen itace. Wata rana a ɓalle kamar faifai, wata rana kamar tafin hannu, wata rana hayaƙi kawai za a sha. Ni ina yi wa Iya surfen wake tana ba mu abinci, in na samu sarari in yi wa matan unguwa daka in tara na mota. Duk ranar da hadari ya haɗo sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗan ci-rani, shamuwar taka ta iso?" Sai ya ci gaba da hura wutarsa. Ni kuwa mako uku ba abin da ya ce min sai "miƙo" da "riƙe."

Wata rana guduma ta goce ta sauka a kan babban yatsansa na dama. Na yagi bakin zanena ina ɗaure masa, sai ya ce, "Da kin yi shiru, da yanzu mun gama shuka."

Na ce, "Da mun gama."

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ɗauki gudumar da hagu.

Mun fi wata biyu a kan dutsen nan. Da muka sauka a Rano, tun daga bakin hanya gero ya kai ƙugu, mutane na noma na biyu. Muka bi ta gonarmu kafin mu shiga gida. Ciyawa ce tun daga wannan iyaka har waccan, awakin wani na kiwo a ciki. Wake kaɗai muka iya jefawa, shi ma ba wani abin kirki. 'Yata da ta gan ni ɓuya ta yi a bayan kakarta, sai da na yi kwana goma kafin ta yarda na goya ta.

Shekarar daga rumbun ƙanensa muka ci. Shi babba, shi ne ya je ya zauna a ƙofar ƙane ya roƙa. Kowace safiya ni ke ɗaukar ƙwarya in je matar ƙanen ta auna min. Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, amma sai ta gama shararta tukuna.

Ana gama kaka ya ɗauki digarsa ya koma Jos shi kaɗai. Ba wanda ya aiko a kama shi, da ya zauna ma ba mai zuwa Fammar nemansa. Ya haƙa ƙasa, ya kwaɓa, ya yi tubali, ya gina wa Iya Lami ɗakinta, ya yaɓe. Ranin gaba ɗaya ya tafi a haka. Abokan tafiyarsa suka dawo da turamen atamfa da fitilu, shi ya dawo ko sabulu babu. Yatsan nan kuwa bai ƙara lanƙwasuwa ba. Har ya koma ga Allah da yatsu huɗu yake cin tuwo.